Batir a Faifan Kuɓewa

Na fito kwashe kuɓewar da na shanya a tsakar gida, sai ga batir shida a jere cikin faifan, suna shan rana.

Na maigidana ne, Baban Hauwa. Direba ne, yana kai baƙi duwatsun Ennedi, kuma shi ke shiga gaba cikin kogo da fitilar goshi. Yana ta ƙorafin haskenta ya dushe, ga tafiya saura kwana biyu.

Na ce, "Baban Hauwa, su ma miyar za a kaɗa da su?"

Ya ce, "Ke dai bar min su. In sun sha rana ƙarfinsu zai dawo. Haka Baba yake yi wa na rediyonsa."

Na ce, "Rediyo in ya mutu, labarai kawai za a rasa. Kai fa, mutane ne a bayanka cikin duhu."

Ya yi dariya ya fita.

Washegari na je kasuwar Grand Marché na sayo sababbi iri ɗaya, na musanya su a faifan. Gilashin fitilar ma na goge shi da gefen zanina, ashe ƙura ce fal.

Jiya ya dawo lafiya. Tun daga ƙofa yake ba maƙwabta labari, wai fitilarsa ta fi ta kowa haske, ranar N'Djamena ba ta da ta biyu wajen caji.

Yau na tarar da batirin agogon bango a faifan.

Jama'a, in faɗa masa gaskiya, ko in ci gaba da zama rana?