Yadda Labbo Ya Je Lome Ya Dawo Da Hausarsa

Ƙanena Labbo albasa yake sayarwa yanzu a kasuwar Argungu, kusa da masu banda. In ka gan shi zaune kan buhu yana korar ƙuda da guntun kwali, ba za ka ce ya taɓa riƙe biro ba. To wannan mutumin, tun yana sakandare ba mai kamo ƙafarsa a Faransanci. Ni ce babbar yayarsa, Sakinatu, ina koyarwa a wata firamare a Nassarawa cikin Birnin Kebbi, kuma duk ranar da na tuna yadda aka yi da shi sai abinci ya fita raina.

Ya sami kwalejin horon malamai a Sakkwato. A shekara ta biyu akan kwashi 'yan ajin Faransanci a kai su Lome, ƙasar Togo, su yi wata huɗu cikin masu harshen, su kwana da shi su tashi da shi. In sun dawo a zaunar da kowa gaban malamai a yi masa jarrabawar baka. Wanda ya faɗi sallama ce, babu maimaici. Labbo kuwa a takarda gwani ne, amma bakinsa nauyi gare shi. Malaminsa ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wata huɗun nan ne kaɗai za su fid da shi.

A 1982 layi ya zo kansu. Ana saura mako guda tafiya, wani mai dogon baki ya tare mahaifinmu, Malam Abdussamadu, a ƙofar masallaci, ya ce ai can har kare ake ci. Shi ke nan fa. Baba manomin shinkafa ne, bai taɓa wuce Kamba ba, amma ya sa aka kira ni daga Birnin Kebbi, ya zaunar da mu a zaure.

Ya ce, “Ɗana ba shi cin abincin da ban san hannun da yad dahwa shi ba. Muna da mutum can, Alhaji Maliki na Gulma, shekara ashirin yana kai albasa. Mi za a ce da ni in anka ji ɗana ya tai garin da yake, yas sauka wani wuri?”

Na ce, “Baba, ai don ya zauna cikin waɗanda ba su jin Hausa za a kai shi. Makaranta ta tanadi ɗakin kwana.”

Ya ce, “To, malama. Ke kin fi kowa sani.”

Na dubi Labbo ko zai ce uffan. Ina! Kansa na ƙasa yana tsinkar bakin tabarma. Haushi ya sa na tashi ko ruwa ban sha ba.

Abin da ya faru can, Kalilu ne ya ba ni labari, ɗan ajinsu, shi ma ɗan Argungu. Ranar da suka sauka kowa ya ja jakarsa zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, Labbo ya ɗauki wasiƙar Baba da ƙunshin busasshen kifi ya nufi zango. Zangon nan yana can bayan gari, sai ka hau mota biyu kafin ka kai makaranta. Kuma wallahi da Gulma da shi duk ɗaya. Mahauci Bahaushe, wanzami Bahaushe, liman Bahaushe, rediyon mai shayi kullum tana Kaduna. Tuwon shinkafa miyar kuka safe da yamma.

Alhaji ya karɓe shi hannu bibbiyu, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai kun san halinmu. Baƙo ba ya fita sai ya gai da mai masauki, yaro kuma ba ya tashi gaban babba sai an sallame shi. Labbo zai durƙusa gaisuwa da littattafansa a hammata, Alhaji ya ce, “Zamna mu karya, Malam Labbo.” Ana cikin karyawa motar albasa ta iso. “Taimaka ka tsaya musu a ware ruɓaɓɓu.” Gobe suna, jibi ta'aziyya, gata an ɗaura auren ɗiyar sarkin zango, ko'ina Alhaji na jan sa yana nunawa: “Ɗan Malam Abdussamadu na, ɗan boko na.” In ya je aji sau biyu a mako ya yi ƙoƙari, kuma yana isa an kusa tashi.

Shi Kalilu makon farko gudawa ta kusa kashe shi. Ya ci garin rogo har ya gaji, ya ɓata a kasuwa, ya yi faɗa da direban tasi da ɗan guntun Faransancinsa, yara suka yi masa dariya. Kafin wata biyu bakinsa ya buɗe. Da ya ga abin Labbo ya yi yawa, ya bi shi har zango ya ce ya tattaro kayansa, akwai gado a ɗakinsu.

Alhaji ya ji. Ya ce, “Yaro, amana ubansa yab ba ni. Ko an ce maka yunwa yake kwana da ita?”

Labbo ya rako Kalilu bakin titi, idonsa ya yi ja, ya ce, “Da wane ido zan dubi Alhaji in ce zan tashi?”

Da wane ido! Kai jama'a. Da wanda zai dubi malamai mana.

Ya dawo ya yi ƙiba, wuya ya cika, ga sabuwar shadda da Alhaji ya ɗinka masa. Mata suna ta guɗa suna cewa ƙasar waje ta karɓe shi. Ni kam ƙyama ce ta kama ni, kamar na ga ragon da aka turke. Na ja shi gefe na ce ya yi mini ko magana biyar da Faransanci in ji. Ya karanto mini gaisuwar da ya iya tun yana aji uku. Amma ka miƙa masa albasa, da shinshinawa zai gaya maka ta Aliero ce ko ta Nijar.

Jarrabawar ba ta kai minti goma ba. Wata malama ta ce ya ba ta labarin yadda yake yini a Lome, daga safe zuwa yamma. Ya gane tambayar sarai. Ya fara, ya kai ga ya tashi ya yi salla, sai ya tsaya cak. Duk yinin da Hausa ya yi shi, bai san sunan komai a cikinsa ba. Gumi ya jiƙa shaddar. Malamar ta jira, ta jira, ta rufe takardarta.

Ranar da takardar sallama ta zo na hau mota na tafi Argungu. Na karanta wa Baba ita kalma kalma, na fassara. Ya ce haka Allah ya so. Sannan ya ce, “Amma an riƙe min ɗa da mutunci.” Alhaji Maliki ya zo gida Gulma yin Salla a lokacin. Baba ya shiga rumbu ya zaɓo buhun sabuwar shinkafa, wadda ya fi ji da ita, ya ce Labbo ya kai masa ya yi godiya.

Na bi Labbo ƙofar gida na ce, “In ka ɗauki buhun nan ba ka da zuciya.”

Bai dube ni ba. Ya ciccibi buhun ya aza a bayan keke, keken ya yi gefe zai faɗi. Ya ce, “Yaya, riƙe min in ɗaure.”

Baba na tsaye bakin zaure yana kallonmu. Na riƙe masa.