Tambayar da Kaka Ya Yi wa Darakta

Da safen nan na hangi malamin lissafinmu ya wuce ƙofar lakwal ɗinmu, makarantar gwamnati, a babur, zai kai 'yarsa makarantar kuɗi. Sai na tuna Kaka.

Da tambaya ɗaya yake auna makarantun kowace ƙasa. Ranar da ya taso daga garin Djougou don ya sa ni lakwal a unguwar Titirou, yatsunsa masu ƙamshin goro suna riƙe da kunnena kada in gudu, ya dubi daraktan makarantar ya ce, "Ranka ya daɗe, naka yaran a nan suke?"

Darakta ya ƙura wa rufi ido har na ɗauka a can aka rubuta amsar.

A hanya Kaka ya ce, "Ja'iri, makaranta ba ta gyaruwa sai ɗan malami ya zauna benci ɗaya da kai."

Bana zan zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. Ajinmu ya cika, numfashi ma sai an bi layi, malamin lissafin kuwa mun manta muryarsa. Ban ga ta inda zan ci ba.

Allah ya yalwata makwancinka, Kaka, kada ka sha matsin da muke sha.