Mutumin da Aka Sha Giyar Makokinsa

Wanda ya san Garki tun tana ƙauyen Gbagyi, tun ba abin da ke cikinta sai rumbunan dawa da kunyoyin doya, ya san Naomi mai ginin tukwane. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa saboda ɗaukar kaya, ga baki. In ka taya tukunyarta da arha za ta dube ka daga sama har ƙasa, ta tambaye ka ko a gidanku da tafin hannu ake dafa tuwo. Duk da haka wurinta ake zuwa, don randarta ba ta yoyo, kuma ruwa ya kan yi sanyi a ciki ko da bazara.

Uwarta ta rasu ta bar mata jariri, ita kuwa lokacin ba ta wuce ɗaukar ƙaramin tulu ba. Ita ta goya shi, ita ta tauna masa abinci. Da masu bishara suka zo, tare aka yi musu baftisma, ta zama Naomi, shi ya zama Andrew. Ko da ta yi aure a unguwar gaba, in ta kwashe tuwo sai ta ware nasa.

Andrew yana da aboki, Dallatu. Gonarsu iyaka ɗaya, farautarsu ɗaya, in ka ga ɗaya ba ka tambayar ɗayan. Wata damina, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai, suka tashi daga gayya sun sha burukutu, suka biya ta gona, gardama ta kaure a kan layin kunya guda, wai na wane ne. Dallatu ya ɗaga ƙotar garma ya sauke a kan abokinsa. Ba kowa a wurin. Shi da kansa ya saɓo gawar zuwa gari, ya zauna a ƙofar dagaci har 'yan doka suka zo daga tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, suka tafi da shi.

Mazan da suka je shari'a sun dawo da magana ɗaya: ya amsa laifinsa, an yi masa ɗaurin rai da rai. Dattawa suka nemi a fassara musu. Aka ce ba zai fito ba sai ya mutu, gawar ma can za a binne. Suka ce to ai wannan mutuwa ce. Aka naɗe tabarmarsa aka binne a madadinsa, aka dafa giya, aka buga gangar makoki, aka sha. Matarsa ta yi takaba ta auri wani, 'yan'uwansa suka raba gonar. Mai dariya ya yi dariyarsa, amma ba wauta ba ce. Da ba su yi haka ba, da matar ta tsufa ba aure ba zawarci, gonar kuma ta koma daji.

Naomi ba ta leƙa makokin ba. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Ba wanda ya gaya mata yadda Andrew ya cika. Ya sha wuya? Ya yi ihu ba mai ji? Ya ce wani abu? Mazan da suka je kotu ba su tambaya ba, don su ba su goya shi ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani, shi kuma an rufe shi a can nesa, an kuma rufe tabarmarsa a nan. Haka ta yi shekara goma sha wani abu tana murza yumɓu, tana gina wa kanta mutuwar ƙaninta iri-iri, kowace ta fi ta jiya muni.

Bayan an gama yaƙin basasa, gwamnati ta yi wa wasu tsofaffin fursunoni afuwa. Ranar wata kasuwa motar doya ta tsaya, wani mutum mai furfura ya sauko da ƙunshin tsumma a hammata. Wata tsohuwa ta gane tafiyarsa, ta saki ƙwaryarta. Dallatu ne.

Nan fa aka shiga uku. Mutumin da aka sha giyar makokinsa ba a amsa masa gaisuwa, ba a kiran sunansa, ba a haɗa hannu da shi a ƙwarya. Ba su kore shi ba, ba su kuma karɓe shi ba. Ya kafa bukka a gindin dutse bayan gari. Masu tausayi su kan ajiye abinci a kan wani falalen dutse su juya ba magana. 'Yan'uwansa kuwa, waɗanda doyar gonarsa ke cika musu rumbu, su suka fi kowa sanin al'ada a wannan shekarar. Shi dai ya kama saƙar kujerun gora da ya koya a gidan yari, Fulani da direbobi suna saye.

Dattawa suka zauna, suka tashi, suka sake zama. Daga ƙarshe Wakili, mai magana da bakin dagaci, ya zo ya sami Naomi tana gasa tukwane.

"'Yata, mun duba," ya ce. "Mu muka binne shi, amma ba mu da ikon tashinsa. Sai gidan da ya zubar wa jini. In wani daga gidan ya ci tuwo da shi a ƙwarya ɗaya, da rana, a gaban mutane, to ya dawo cikin masu rai. Gidanku kuwa ke kaɗai kika rage."

"Baba, wato ku kun sha giya, ni zan biya da tuwo?"

Wakili ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Malam Abraham mai bishara shi ma ya zo da Littafi a hannu, ya yi ta bayani a kan gafara har inuwa ta kauce. Naomi ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Malam, kai da ba ka yarda da giyar makoki ba, sau nawa ka ci tuwo da shi?" Malam ya yi gyaran murya, ya tuna ana jiransa a wani wuri.

Haushin gwamnati ma ta ji. Wa ya ba ta ikon yafe abin da ba ita aka yi wa ba? Gwamnati ba ta taɓa jin ɗumin Andrew a bayanta ba. Amma in ta ce a mayar da Dallatu gidan yari, sai ta tambayi kanta, har zuwa yaushe? Shekarun da ya yi ba su dawo da ƙaninta ba, ninkinsu ma ba zai dawo da shi ba. Wata rana ta je ɗiban yumɓu ta hango shi yana kore kaji daga kan falalen dutsen, yana tsintar abin da suka bari. Tausayi ya kama ta, ta ji haushin kanta ƙwarai, ta dawo gida ta fasa tukunyar da ba ta yi mata laifin komai ba.

Asta, Bafulatanar da ke kawo mata nono tun suna 'yan mata, ita ba ruwanta da makokin wasu, hira take yi da shi in ta wuce.

"Ƙawa, mutuminki yana tari fa," ta ce. "Tari mara kyau. Ga damina ta zo, bukkar yoyo za ta yi. In kina da magana da shi, yi yanzu. In ya mutu na biyu, wannan ba mai tashe shi."

Naomi ta ci gaba da shafa bakin randa kamar ba ta ji ba. Amma ta ji. Tsoro ne ya shige ta, ba na mutuwarsa ba, na abin da zai tafi da shi kabari. Mamaci ba a yi masa tambaya. In tana son amsa, dole ta ba shi rai tukuna, da hannunta, shi da ya ɗauke mata rai.

Washegari da hantsi ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuɓewa, ta saɓa ƙwarya a kafaɗa ta ratsa tsakiyar gari. Ba ta kira kowa ba, amma kafin ta kai gindin dutse rabin Garki na bayanta. Mace da namiji a ƙwarya ɗaya ma kawai abin kallo ne, balle waɗannan biyun.

Yana zaune yana feƙe gora. Da ya gan ta sai wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ta ajiye ƙwarya tsakaninsu, ta zauna a ƙasa, ta wanke hannu, ta tura masa ruwan.

"Dallatu," ta ce da ƙarfi, yadda na baya za su ji. "Sa hannu."

Ya gutsura. Ita ma ta gutsura ta haɗiye. Wakili ya ɗaga sandarsa, mata suka fara guɗa, ta juya ta harare su, guɗar ta mutu.

"Yanzu kai mai rai ne, ana tambayarka ka amsa. Yaya ƙanina ya cika?"

Ya dubi miyar, ya ce:

"Yaya, bai faɗi nan da nan ba. Ya dafa kansa, ya ga jini, ya dube ni ya yi 'yar dariya. Ya ce, 'Kai, Dallatu, wasan har haka?' Sai ya zauna a kan kunya. Na riƙe shi. Bai yi ihu ba, bai daɗe ba. Har ya tafi bai yarda da gangan na yi ba."

Duk mutuwar da ta gina masa a shekarun nan, ba ɗaya mai dariya a ciki. Ta rasa ko sauƙi ta ji ko ciwon ne ya ƙaru. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma cire hannu daga ƙwaryar ba har suka cinye.

Ta wanke hannu, ta miƙe.

"Kada ka ɗauka na yafe. Ban sani ba ko zan yafe kafin in mutu. Amma tun da ka tashi, ka tashi. Ka dawo cikin gari, ka nemi maganin tarin nan. Gobe in mun haɗu a hanya ka gaishe ni, in ga ko zan iya amsawa."