Taki a Gonar Haya

Duk Kademi babu wanda ya kai Barau son taki, har tsokanarsa ake yi wai in da taki mace ce da tuni ya kai sadaki. Abin tausayin shi ne ba shi da gona ko taku ɗaya. Gonar ubansu mutum tara aka raba wa, ɗan kason da ya samu kuma ya sayar shekarar da matarsa Hajara ta kwanta a asibiti.

Wadda yake nomawa ta haya ce, ta Alhaji Uwais na Gaya. Ranar da ya karɓe ta yashi ne fari fat, ba abin da ke fitowa sai ƙuduji. Shekara goma sha ɗaya yana ɗura mata taki har ƙasar ta yi baƙi. Dattawa sun sha ja masa kunne cewa ba a yi wa gonar haya irin wannan gata, shi kuwa sai ya ce ai Alhaji mutumin kirki ne. Bai yi ƙarya ba. In kuɗin haya ya makara, tsohon cewa yake, "Bari sai kaka, Barau."

Sai Allah ya karɓi ran Alhaji, gonar ta koma hannun ɗansa Kamilu. A daminar nan ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ba, Barau bai biya ba. Da rani ya yi ya sayar da akuyarsu. Da mai hankali ne, Gaya zai nufa ya rage bashi, amma Barau sai ya ba mai amalanke kuɗin, aka kai masa taki sawu arba'in, aka jera shi tsibi-tsibi a gonar kamar kowace shekara.

Bayan mako uku ɗan acaɓa ya kawo takarda daga Kamilu. Malam Usaini na Islamiyya ne ya karanta masa, a hankali, har sau biyu. An ba shi kwana goma sha huɗu ya biya na bara da na bana, ko ya fita.

Ya bi 'yan'uwa, kowa na fama da kansa. Ana saura kwana biyu ya je Gaya, ya durƙusa a ƙofar shagon Kamilu, yaron da aka haifa a gabansa.

"Baba Barau, don Allah tashi," in ji Kamilu. "Wallahi ba ni kaɗai ba ne, mu goma sha uku ne magada. Kuma wani ya ba da ninki biyu, ya ce bai ga ƙasa mai kyau irin wannan ba."

"To takina fa, Alhaji ƙarami?"

"Naka ne. Ka kwashe, ba wanda zai hana ka."

Ya dawo gida ya aro shebur da buhuna. Hajara ta dube shi ta ce, "Malam, in ka kwaso, ina za mu zuba?" Sai ya mayar wa masu kaya kayansu, ranar ko tuwo bai iya ci ba saboda baƙin ciki.

Da hadari ya fara haɗuwa, sabon ɗan hayar ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ce yana neman mai baza masa taki, an kuma gaya masa ba wanda ya san gonar kamar Barau, zai biya kuɗin yini. Barau ya ji kamar ya rufe shi da duka. Amma garin tuwon da ke gidan ba zai kai Juma'a ba.

Ya ce, "Ƙarfe nawa zan fito?"