Igiya Ɗaya ta Yaya Zuwaira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayata Zuwaira Aliyu a gidanta da ke bakin tabkin Madarumfa.

Yaya, ni ne ƙanenki Nasiru, kuma da kunya nake wannan rubutu. Allah Ya halicce ki mata-maza. An raɗa miki sunan mace, kika girma murya ta buɗe, gemu ya tsiro, gari ya sami abin gulma. Hakan bai hana ki goya ni ba bayan rasuwar Inna. Gyaɗar da kika noma ce ta kai ni lakwal, makarantar boko. Duk matar da ta haihu a unguwa, kifinki ne ke fara shiga tukunyarta, har da waɗanda ke rufe baki suna dariya in kin wuce.

Da Baba ya rasu, mu biyu ne magada. Aka auna gonar, igiya goma sha biyu. Malam ya ce wanda halittarsa ta shige duhu, rabin kason namiji da rabin kason mace ake haɗa masa: taki biyar ke nan. Mace kuwa huɗu ce tata. Na san abin da kike tsoro, sai na ce a gaban jama'a a kai ki asibiti a Maraɗi a duba, a kawo takardar shaidar ko ke mace ce. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Nasiru, a ba ni huɗun. Kada a tuɓe ni."

Lokacin huɗa kuwa ban taɓa tuna ke mace ce ba, ke nake kira ki kama min. Shekara goma sha ɗaya ina shuka albasa a igiya ɗayar nan taki da na cinye, kina wucewa kina yi min sannu da aiki.

Na yi ta cewa gobe zan mayar. Jiya malam ya gaya min ba ki bar miji ko ɗa ba, ni ne magajinki. Huɗun ma sun dawo hannuna. Na ba da biyar ɗin sadaka da sunanki, amma na san ba ke na mayar wa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki kamar yadda kika roƙe ni na ƙi. Ina yi wa Gwaggo Fatima, ƙanwar Baba, da sauran dangi ta'aziyya. Jama'a, ku roƙa min Allah Ya sa ta yafe min.