Safiyo Ya Riga Ni

Yau Alhamis. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙirjin ya ɗan saki, na sha shayina har ƙasan kofi, kumburin ƙafa ma ya ragu. Hannu dai yana nan da rawarsa, don haka wanda zai buga wannan takarda ya yi haƙuri da karkatattun layukana.

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Litinin da ta wuce, tara ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Safiyo, a ɗakinsa, a kan kujerarsa, ina zaune kusa da shi. An yi jana'izarsa bayan la'asar. Ban iya bin su maƙabarta ba. Iyakata inda aka yi masa salla, ita ma a zaune na yi ta.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta satar kallona. Na ji wata tana raɗa wa wata cewa tsufa ya ƙafar mini da hawaye. Ban ga laifinta ba, don ta ga mutumin da ya rasa abokinsa na ƙarshe yana ta faɗin alhamdu lillahi. Shi ya sa na ɗauki biro, domin iyalinsa su san abin da ke raina.

Safiyo, da kai zan yi magana, kamar yadda muka saba.

Mun haɗu a makaranta tun zamanin da ake tsoma alƙalami a kwalbar tawada. Kai kake ja mini layin gefen littafi, don nawa kullum sai ya gangara, ni kuma ina taya ka haddar tarihi, wadda ba ta taɓa zama a kanka ba. Ka tafi aikin awon ƙasa, na tafi aikin akawu, sunayen aikin suka bi mu har suka shafe na yanka. Jikokinka har yau ba su san ina da wani suna ban da Baba Akawu ba.

Mutane da yawa za su ba da shaidar gaskiyarka, ni ɗaya kawai zan kawo. Wani babban mutum ya taɓa neman ka matsar masa da turken iyaka ya ɗan shiga filin maƙwabcinsa, wani tsoho da ba shi da mai tsaya masa. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ni na san ka, amma igiyar awon nan ba ta san ka ba." Ba a daɗe ba aka canja maka wurin aiki zuwa inda ko hanyar kirki babu. Ka kwashi iyalinka ka tafi, ban taɓa jin ka ambaci sunan mutumin da mugun baki ba.

Da matata ta rasu, kowa ya zo da nasihar da ya tanada. Kai ka zo ka zauna kawai, da za ka tashi ka ɗauki rediyona ka ce yana shaƙewa, za ka duba shi. Alhali rediyon lafiyarsa lau. Washegari dole na sa takalmi na tsallaka titi na bi sawunsa, ka ce bai gama gyaruwa ba, na zauna na sha shayi tukuna. Haka ka yi ta yi mini har fita ta zame mini jiki. 'Ya'yana suna nesa, suna kira idan sun samu sarari, Allah Ya yi musu albarka. Amma kai ne ka fitar da ni daga ɗakin nan. Ko bayan idonka ya tafi, da ka ji na yi tuntuɓe a dandamalin ƙofata, sai da ka sa aka jagorance ka, ka durƙusa ka auna shi da tafin hannu, ka kira magini ka ce masa ya raba shi biyu, ya kafa ƙarfen dafawa a dama.

Idon ya tafi ne sannu a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, likitoci suka ce irin wanda ba ya dawowa ne. Ka ɗauki abin da haƙuri, sai dai abu guda: littattafanka. Kabad cike, daga ƙasa har sama. Na ce zan riƙa karanta maka. Muka gwada, ban kai rabin shafi ba numfashi ya ƙwace mini, na yi ta tari har ka laluba ka miƙo mini ruwa. Auta, ƙaramar 'yarka da take zaune tare da kai, ta sa maka littattafan da ake saurare a waya. Ka saurara kaɗan ka ture. Ka ce, "Wannan ai hira ake mini. Ni karatu nake so na yi."

Ita Autar ce ta kawo alƙalamin. Na faɗi yadda yake don waɗanda ba su taɓa gani ba. Ya fi biro kauri, a bakinsa akwai ɗan gilashi da 'yar fitila. Idan aka dafa shi a farkon layin rubutun da aka buga aka ja shi zuwa ƙarshe, sai ya ɗauke kalmomin ya faɗe su da murya, ya kuma ajiye su a cikinsa. Muryar ta mace ce, ba ta sauri ba ta gajiya, shi ya sa muka sa mata suna Malama. Sharaɗinta ɗaya ne: a ja ta a miƙe, a kan layi. Kai ba ka ganin layin. Ni ina gani, amma da na riƙe ta sai ta yi ta tsalle a kan takarda kamar fara, ta faɗi abin da ba mai gane shi. Auta ta kusa mayar da ita cikin kwalinta.

Kai ka samo dabarar. Ka ce a ɗauko tsohuwar rularka ta ƙarfe daga akwatin kayan aiki, a share teburin zanenka a jawo shi bakin taga. Ni zan shimfiɗa littafin, na sa rular a ƙarƙashin layi, na danne ta da tafin hannu biyu, don mun lura idan na danna abu da ƙarfi rawar tana lafawa. Kai za ka laluba bakin rular da yatsa, ka jingina alƙalamin, na ce "fara", ka ja. Na ce "tsaya", ka ɗaga. Malama ta faɗi layin, na sauke rular zuwa na gaba.

Ranar farko, da muryar ta faɗi cikakken layi ba kuskure, sai ka gyara zama, ka gyara hula, ka ce, "Akawu, sauke." Na ga hannun da ya yi shekara da shekaru yana zana taswira ya tuna aikinsa. Tsufa bai taɓa shi ba ko kaɗan.

Wanda ya gan mu zai ce wahala muke sha, shafi guda yakan ci mana lokacin da mai ido zai gama babi. Amma kai ne mai karatun. Inda ka so ka tsaya, ka tsaya. Layin da ya yi maka daɗi ka sake ja. Idan marubuci ya yi shirme, ka ajiye alƙalamin ka yi masa faɗa kamar yana zaune a ɗakin. Idan rawar ta ƙwace mini rula ta goce, Malama ta haɗa rabin layin sama da rabin na ƙasa, sai ka ce, "Akawu, girgizar ƙasa aka yi a wajenku?" Ni kuma na ce, "Makaho ma ya samu bakin magana." Auta takan leƙo daga kicin ta ce, "Baba, ku dai ba kwa girma."

Bara ƙirjina ya kayar da ni, aka kwantar da ni a asibiti na makonni. Da na fito na samu ƙarfin tsallaka titi, Auta ta tare ni a ƙofa tun kafin na shiga, ta faɗa mini abin da ya faru a bayana. Ta ce kowace safiya kakan yi wanka ka zauna a teburin da alƙalami a hannu. Ka gwada yi kai kaɗai, kana ja a kan farin gefen shafi, wani lokaci a kan katakon teburin, Malama ta yi shiru ko ta faɗi guntayen kalmomi. Ita Auta tana fita aiki tun safe, idan ta dawo a gajiye ta riƙe maka rular, sai barci ya riƙa fizgarta, ka ce ta je ta kwanta. Daga baya ka daina neman alƙalamin. Ka daina aski. Abinci sai an yi da gaske. Ta ce takan dawo ta same ka yadda ta bar ka, fuskarka tana wajen ƙofa.

Na shiga na ga ka rame har wuyan riga ya yi maka yawa. Ba ka ce mini sannu da jiki ba. Ka ce, "Ka makara. Shafin yana nan inda ka gudu ka bar shi." Amma da na zauna ka laluba ka kama hannuna, ka daɗe ba ka saki ba.

Likita ya riga ya faɗa mini gaskiya game da zuciyata, cewa ta gaji, na riƙa lallaɓa ta. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, kuma ba tsoron mutuwa ba ne, wannan mun daɗe da yin sallama da juna. Tsorona shi ne na tafi na bar ka a kujerar nan kana fuskantar ƙofa. Duk sanda ƙirjin ya soke ni, kai nake tunawa. Na shiga shan magani a kan lokaci kamar ɗan makaranta, ni da ban taɓa yarda da ƙwaya ba. Na kuma ƙara wata addu'a a bayan kowace salla, ina jin nauyinta amma ina yi: Allah, idan da alheri a ciki, kada Ka ɗauke ni kafin shi.

Wata rana muna tsakiyar shafi ka ji numfashina yana sama-sama, ka ajiye alƙalamin ka ce, "Akawu, idan ka riga ni, ban yafe ba."

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Kullum sai na roƙi Allah ka riga ni."

Ka yi dariya har da buga teburi. Ka ce, "Ka ji mugu! Kai ne mutum na farko da ya yi mini fatan mutuwa na ji daɗi." Ka share ido da hannun riga, ka ce, "To, Allah Ya amsa. Sauke rula."

Ranar Litinin muna kan wani littafi ne na matuƙan jirgin ruwa na dā, yadda suke gane hanya da taurari. Kai da ka ƙare rayuwarka kana awon tudu, abin ya ba ka sha'awa ƙwarai. Ka karya kumallo sosai, ka yi wa Auta tsiya kan ta cika sukari kafin ta fita. Muka yi shafi guda lafiya. A na biyu ka ja wani layi, Malama ta faɗe shi, ka ce, "Mutanen nan sun san aiki." Ka jingina da kujera ka ce bari ka ɗan huta. Na ji ka yi kalmar shahada a hankali, ban ɗauke ta wani abu ba, don ka saba yin ta duk sanda ka jingina. Na sauke rular na jira. Da na ga hutun ya yi tsawo na ce, "Fara." Alƙalamin yana hannunka, fitilarsa a kunne, hannun bai motsa ba.

Na kira maƙwabta, aka kira Auta. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, da na tabbatar ka tafi, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda maganin likita bai taɓa sauke shi ba. Ba ka yi jinya ba, ba a juya ka a gado ba. Ka tafi da askinka, da cikinka a ƙoshe, kana tsakiyar karatu da hannunka. Kewa tana nan, ba zan ɓoye ba, jiya ma sai da na sa takalmi na ɗauki sanda kafin na tuna. Amma ban ƙara jin wannan tsoron ba, kuma barcina ya dawo.

Allah Ya jiƙanka, Safiyo. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Ya mayar maka da ganinka fiye da yadda yake a dā, Ya sa haƙurin da ka yi da rashinsa ya zame maka hanyar Aljanna. Yadda ba ka taɓa matsar da iyakar kowa ba, Allah Ya ba ka fili mai faɗi a wurinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Auta, wadda ta riƙe mahaifinta riƙon da ba kowane ɗa ke iyawa ba, da yayyenta, da jikoki, da dukkan dangi da abokan aiki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Na gama wannan tun da azahar. Auta ta aiko cewa za ta shigo bayan la'asar ta karɓa ta kai a buga. Na share ɗaki, na dafa shayi, na jawo kujera na zauna ina kallon ƙofa. Yanzu an kira magariba, ba ta zo ba. Ba laifinta ba ne, gidan cike yake da baƙi. Irin wannan zaman ne na roƙa kada ya sake samun ka, Safiyo. Ni ya samu, kuma na gode wa Allah.