Ganyen da Genzo Ya Bari Cikin Gishiri

Ranar Alhamis, sha uku ga watan Fabrairu, Aoto Genzo, mai shagon kayan zaƙi na layinmu a nan Matsue, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara tamanin da uku. Ba wanda ya zo ya faɗa mini. Na fito da safe zan share ƙanƙarar da ta taru a ƙofar gida, na ɗaga kai, sai na ga ba a rataya shuɗin labulen shagonsa ba, kuma babu ƙamshin jan wake a kan wuta. Tun da aka kawo ni layin nan ina amarya ban taɓa ganin haka ba sai a ranar hutunsa, Alhamis kuwa ba ita ce ranar ba. Na jingine tsintsiya na zauna a bakin ƙofa.

Genzo-san, da kai nake magana yanzu, tunda yau dai ba ka da bakin musu. Ni ce Sumie ta tsallaken titi, matar marigayi Toshiharu, wadda ka ce ta fi kowa ƙorafi a cikin masu shigowa shagonka.

Duk wanda ya ɗaga labulen nan ya san abin da zai tarar. Benci ɗaya ne, za ka nuna masa shi da haɓa. A kawo masa koren shayi da ƙwaya ɗaya tak ta kayan zaƙi a ɗan faranti, da ɗan tsinken itace na yankawa, kai kuma ka tsaya a bayan kanta kana kallon fuskarsa kamar mai jiran hukunci. Yaran makaranta sun san akwai kwanon da kake tara waɗanda suka fashe don su. Sai da na girma a layin na lura kai kake fasa su da babban yatsanka idan ka ji hayaniyarsu ta doso. In an yi rasuwa a unguwa, kafin dangi su gama kuka an ajiye akwatin farin ƙullin shinkafa a ƙofar gidan, kuma in aka zo yi maka godiya sai ka ɓata rai.

Amma taurin kanka shi ya fi komai suna. Ba ka yin abu sai lokacinsa ya zo. Na tuna wani baƙo daga Tokyo da ya nemi kayan zaƙi na gujiyar dutse, wadda sai da kaka take nuna a kan itatuwa, a tsakiyar zafi, ka ce masa ya hau dutse ya tambayi itatuwan ko sun shirya. Mafi tsanani ita ce dokarka a kan sakura-mochi, ƙullin shinkafar nan mai ruwan hoda da ake cusa wa wake a naɗe da ganye. Sauran shaguna suna fara sayar da shi tun sanyi bai tafi ba. Kai kuwa sai itacen sakura na bayan shagonka ya buɗe furensa na farko. Ganyen ma daga jikinsa kake tsinka tun bara, ka jera a gangar katako, ka zuba gishiri, ka danne da dutse, kuma ba mai taɓa gangar sai kai. Ko 'yarka Mitsuyo, da ta tsufa tana juya maka tukunya, ba ta isa ta ɗaga dutsen ba.

Wannan dokar ce ta haɗa ni da kai faɗa, a hunturun da jikin Toshiharu ya yi tsanani. Likitoci sun sallame mu muka dawo gida, suka ce da wuya ya ga sabuwar shekara. Ba ya cin komai. Wata rana da hantsi ya buɗe ido ya ce shi sakura-mochin Genzo yake sha'awa. Ko mayafi ban ɗauka ba na tsallaka titi.

Na ce, “Genzo-san, guda ɗaya kawai. Ganye yana nan a ganga, na sani.”

Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, “Itacen ya yi fure?”

“Wane irin fure ana zuba ƙanƙara? Mutumin nan tafiya zai yi!”

“To ki ce masa ya jira. Na farko nasa ne.”

Idona ya rufe. Na wanke ka tas a gaban mutane, na ce zuciyarka ta fi dutsen gangarka tauri, kuma har yau ban janye ba, don a ranar ka cancanta. Na koma gida ina kuka na faɗa wa Toshiharu. Ga mamakina sai ya fara dariya, dariyar da rabona da ita tun kafin asibiti, har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, “Tsohon banza! Je ki ce masa ba inda za ni sai na ci.”

Kashegari ka yi sallama da kanka, riƙe da faranti a lulluɓe. Ka durƙusa kusa da shimfiɗarsa ka buɗe, ga jan furen hunturu da ka ƙera da wake. Ka ce masa wannan shi ne na yanzu, bayansa akwai na sabuwar shekara, sannan furen itacen ume na ƙarshen sanyi, sannan mai siffar ɗan tsuntsu da ake barbaɗa wa koren gari, sai kuma nasa. Duk mako kana tafe. Ba ya iya haɗiya, lasa kawai yake yi, amma sai ya kushe. Yau zaƙi ya yi yawa, gobe bakin tsuntsun ya karkace. Kai kuma ka ce ai mai kwance ba shi da aiki sai surutu. Ina daga kicin ina jin ku, ina share hawaye da bayan hannu.

Sabuwar shekara ta zo ta wuce yana nan. Ƙanƙara ta narke yana nan. Ya sa na juya masa shimfiɗa ta fuskanci taga, inda ake hango kan itacen ta saman rufinka. Safiyar da fure ya buɗe, kai ka riga ni gani. Ka shigo hannunka na warin gishiri, ka ajiye masa guda ɗaya. Ya ci rabi, har da ganyen, ya lumshe ido ya ce wannan kam ba abin kushewa. A makon ya cika. Watanni ukun nan da likita bai ba mu ba, a cikinsu ya ga jikarmu ta fara tafiya, a cikinsu muka gama duk maganar da ke tsakaninmu. Ban taɓa ce maka na gode ba, ka san halina, sai dai tun daga nan ban sayi ko alewa a wani shago ba.

Rana ta biyu da rasuwarka na shiga gidanka. An shirya ka cikin fararen kaya, dangi suna tattara abubuwan da za a sa maka a akwati kafin a rufe. Na iske Mitsuyo ita kaɗai a ɗakin aiki, tsaye a kan gangar, ta ɗora hannu biyu a kan dutsen. Idanunta sun kumbura.

Ta ce, “Goggo, zan yi masa sakura-mochi ya tafi da shi. Ganyensa na ƙarshe ke nan. In na gama zan sauke allon shagon. Ni ba ni da hannun Baba, ba zan tsaya ina ba shi kunya ba.”

Na dube ta, na dubi tukunyar da ta yi sanyi, na ji kamar a ranar za ka mutu na biyu. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

“Itacen ya yi fure?”

Ta zuba mini ido. “Haba Goggo! Gobe fa za a fita da shi.”

“To ya jira. Shi ya fi wa? Mijina ya jira.”

Ta fashe da kuka, ta ce ashe ni ma muguwa ce irinka. Na ce ta faɗi duk abin da ta ga dama. Na tuna mata abin da kowa ya sani, cewa mamaci ba ya yin nisa da gida sai an yi masa addu'ar kwana arba'in da tara, kuma taka za ta faɗo a farkon Afrilu, daidai lokacin furen. Na ce amma hannun da ya yi wata biyu bai juya wake ba ba zai iya naɗe ganyen nan ba, kuma ni ba zan bari a ajiye maka abin kunya a gaban hotonka ba. Ta ɗauke hannunta daga kan dutsen. Aka rufe akwatinka da ledar shayinka da tsohon ludayinka na katako.

Kwanaki suka wuce shagon yana rufe. Kowace safiya ina fitowa da tsintsiya ko babu abin sharewa, in duba, in koma. Na fara cewa a raina wataƙila dabarar taka a hannunka kaɗai take ci, na hana yarinya yi wa ubanta bankwana a banza. Wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Jiya ƙamshin wake ya tashe ni. Na leƙa, ga labulen a rataye, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na tsallaka na zauna a benci. Mitsuyo ta kawo mini shayi da ɗan tsuntsu mai koren gari, ta koma bayan kanta ta tsaya tana kallon fuskata, yadda kake yi sak. Na yanka na ci. Na ce mata bakin tsuntsun ya karkace. Ta ce gobe in dawo in gani. Na shanye shayina na tashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mitsuyo da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanwarka da ke Izumo, da dukan mutanen layinmu waɗanda suka san shigowar kowane lokaci na shekara daga farantinka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya ƙarfafa hannun 'yarka a kan tukunyar nan. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin watannin da ka ba ni da mijina, ya sa ka huta.

Na zagaya bayan shagon yau da safe. Rassan sun fara toho, amma ko fure ɗaya bai buɗe ba tukuna. Ganyenka yana nan cikin gishiri, dutsen yana inda ka bar shi. Ka jira, Genzo-san. Na farko naka ne.